Wadda Ta Karɓi Ɗinkin Sallar Munira

"Ai kin karɓa jiya," in ji Sirajo tela, bai ko ɗaga kai daga kan keken ba.

Munira ta yi murmushi, don ta ɗauka irin kwanar da teloli ke yi ne idan ana jibi Sallah ɗinki bai kammala ba. Ta gyara tsayuwa a bakin shagon, ta ce masa ya ji tsoron Allah da azumi a bakinsa, in bai gama ba ya faɗa mata gaskiya.

Sai ya tsayar da keken. Ya yi mata wani kallo da ya busar da murmushin a fuskarta.

"Munira, ke kiz zo da kanki. Bayan azahar. Da niƙabi, da irin wanga hijabi naki mai ruwan toka. Har kic ce in gai da maiɗakina da ta haihu."

"Ni ban taɓa sa niƙabi ba."

"Ni ma shi nic ce a raina."

Ya laluba ƙarƙashin tulin yadi ya ciro wayarsa ya miƙa mata. Ga hotonta nan a saman wasap, wanda ta ɗauka ranar saukar ƙanwarta. Ga lambarta. Shi ne ya rubuta cewa ɗinki ya kammala, aka amsa masa da cewa, Madalla, ga ni nan tahe.

Rana na dukan kwanon shagon kamar za ta narkar da shi.

"Na goge wasap tun ranar da anka ga wata," Munira ta ce a hankali.

Sirajo ya miƙo hannu. Ya karɓi wayarsa da yatsu biyu, ya ɗan ja kujerarsa baya.

Gaskiya ta faɗa masa. Mahaifinta, Malam Abdussamadu, mai makarantar zaure a unguwar Nasarawa da ke Birnin Kebbi, yana da doka guda da duk 'ya'yansa mata suka tashi a kanta: babu zance a watan azumi, ko a zaure ko a waya. Bai sassauta wa Munira ba don an sa ranar aurenta da Zayyanu, ɗan Argungu mai noman albasa da shinkafa. Da ta ga zuciyarta ba za ta jure ganin sunansa a waya ba tare da ta taɓa ba, sai ta goge wasap ɗin gaba ɗaya. Wata guda ke nan ba ta ji muryarsa ba. Kewa ta ci ta har ta rame, amma ko sau ɗaya ba ta karya ba.

Tana isa gida ta shige ɗaki ta sake sauke wasap ɗin. Aka aiko mata lambobi ta saƙon tes, ta zuba. Sai wayar ta nemi wata lambar sirri da ita ba ta taɓa sakawa ba. Ta gwada shekarar haihuwarta, ta gwada ƙarshen lambar wayarta, duk aka ƙi.

Ta zauna tana kallon wayar. Kamar ka dawo ƙofar ɗakinka ka tarar an kulle ta ciki.

Da ta gaya wa mahaifiyarta, Inna Laure ta ajiye muciya ta fara jero tambayoyi. Ko ta watsa ruwan zafi a tsakar gida babu bismilla? Ko ta yi wanka da almuru? Ta ce tun suna yara ake faɗa musu mutanen ruwa na gulbin Rima na son yarinyar da aka sa wa rana, sukan ari kamarta su shiga kasuwa. Ta kunna garwashi ta zuba habbatussauda, ta sa Munira ta durƙusa a kan hayaƙin har idanunta suka yi ja.

Munira ba ta yarda da zancen mutanen ruwa ba. Amma ranar, duk lokacin da ta wuce madubin ɗakinta sai ta kau da kai.

Ranar jajibere suka share gida, suka soya cincin, suna jiran mata daga Argungu. Al'ada ce dangin saurayi su kawo toshin Sallah har tsakar gida, a shimfiɗa musu tabarma, a buɗe kayan gaban iyaye, a ba su tukwici. Rana ta yi tsaka, ta karkata, babu ko sallama. Sai wayar Inna ta yi ƙara. Hajiya Riskuwa ce, mahaifiyar Zayyanu, kuma ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba.

Munira na tsaye a bakin murhu, tana jin muryar na fitowa daga wayar.

"Ɗiyarku ta aiko a ce kar mu zo, wai Malam ba ya son taro. Munka ba direba kayan, ita da kanta ta tarbe shi a tasha. A tasha, Laure, kamar kayan sata. Mu dai gidan malamai munka nema ma yaron nan aure, ba mu san haka tarbiyyar take ba."

Inna ta juyo ta dubi 'yarta. Munira ta girgiza kai kawai, hawaye na zuba.

Bayan la'asar Malam ya kira ta ɗakin karatunsa. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, shi ya sa ake tsoronsa. Ta durƙusa ta rantse masa ba ta je tasha ba, ba ta karɓi ɗinki ba, ba ta yi wa Zayyanu ko harafi ɗaya ba. Ya daɗe yana jan carbi.

"Ban ce kin yi ƙarya ba," ya ce. "Ban kuma ce ba ki yi ba. Amma ba ni ɗaura aure bisa abin da ban gane ba. In an sauko idi, a kira min Zayyanu."

Ranar Sallah Munira ta sa tsohuwar atamfarta ta bara, ba ta leƙa ko zaure ba. Da hantsi ƙawarta Ni'imatullahi ta shigo barka da Sallah, tana ganinta ta tsaya cik.

"Har kin cire? Haba, kayan da sunka yi miki kyau haka?"

Ta buɗe wayarta ta nuna mata. An ɗora hoto a sunan Munira da safiyar nan. Koriyar atamfar da ta zaɓa da hannunta ce, da aikin zaren da ta yi ta gardama da Sirajo a kansa. Wata ce sanye da ita, tsaye jikin wani bango, hannayenta sun sha lalle. An yanke hoton daga wuya, babu kai.

Rigar ta zauna mata cif, kamar ita aka auna.

Washegari Zayyanu ya zo. Malam ya ce su zauna a zaure su yi magana, shi yana ɗakin karatu, labule ne kawai tsakaninsu. Munira ta fito. Yana zaune bisa tabarma cikin farar shadda, rana ta ƙara masa duhu, hannayensa duk kanta ta aikin albasa. Da ya gan ta fuskarsa ta buɗe.

"Farin watana," ya ce ƙasa-ƙasa.

Ta tsaya. Tun da suke bai taɓa kiranta haka ba. Malama yake ce mata, cikin tsokana, saboda ranar da suka fara haɗuwa ta gyara masa karatun wata addu'a.

"Wa ke nan?" ta tambaya.

Ya yi dariya, ya waiga wajen labulen, ya ƙara rage murya. Ya ce ta daina tsoro, ya riga ya shirya ɗaukar laifin duka. Zai gaya wa Malam shi ya matsa mata. Zancen tasha kuwa kuskure ne, shi ma bai so ba, amma da ta nace sai ya bi.

"Zayyanu, mi nic ce maka?"

"Kamar yaya?"

"Cikin watan nan. Mi nic ce maka?"

Ya dube ta, dariyar na janyewa kaɗan kaɗan. Ya miƙo mata wayarsa.

Ta fara ja da yatsa, hirar ba ta ƙarewa. Kullum da sahur, kullum da buɗa baki. Wadda ke rubutun ta ce masa Malam murya ya hana, rubutu ba zance ba ne, don haka kada ya kira, kada ya nemi ta yi magana. Tana tambayarsa injin ban ruwa ya gyaru? Tana tuna masa ya sa hula in zai shiga fadama. Ta san ƙafarsa ta hagu na ciwo in ya daɗe a tsaye, tun da ƙugiya ta soke shi a gulbi yana yaro. Ta san Gwani kakarsa ke kiransa. Kalamanta masu taushi ne, irin waɗanda kunya ba ta taɓa barin Munira ta furta ba. Shi kuma ya zuba mata zuciyarsa, ya faɗa mata tsoronsa, ya faɗa mata mafarkinsa na gida mai bishiyar mangwaro.

"Ni ban san kakarka na ce maka Gwani ba," Munira ta ce.

"Na ɗauka mutanen gidanmu kika tambaya... don so."

"Ba ni ba ce."

"Malama, bar wasa."

Ta ciro tata wayar ta ajiye a kan tabarma tsakaninsu, fuskarta a sama, baƙi ƙirin. Ta ɗora hannayenta biyu a kan cinya inda zai gan su.

Suna nan zaune, wayarsa da ta mayar masa ta yi motsi a hannunsa.

Hotonta ya hasko. Sunanta ya hasko. A ƙasa aka rubuta:

Gwanina, na ji ka shigo Birnin Kebbi. Kada ka je gidanmu, Baba na fushi. Gobe bayan la'asar ka zo bakin gulbi, wajen gonarka. Zan sa kayan Sallata ka gani. Daga nesa kawai, kada ka matso.

Zayyanu ya karanta. Ya ɗago ya dubi Munira, ya dubi hannayenta, ya koma ya dubi wayar. Ya shiga ambaton Allah.

Munira ce ta tashi ta ɗaga labulen, ta kai wa mahaifinta wayoyin biyu. Malam ya sa gilashinsa ya karanta saƙon, ya ja sama ya ga tsawon hirar, ya ajiye. Ya ce da ita, "Allah shi yi miki albarka." Sannan ya yi wa Zayyanu wani kallo ta ƙofa da ya fi zagi.

Ya tambayi Munira ko akwai wanda ta taɓa ba wayarta, ko ta faɗa wa wani abin da ke cikinta.

Nan ne abin ya faɗo mata. Farkon azumi ta je sayen atamfar a wani shago a unguwar Badariya, da wuri, kafin teloli su daina karɓar ɗinki. Yarinyar shagon doguwa ce, mai sanyin magana, ta yi ta kallonta har ta tambaye ta ko ita ce ɗiyar Malam Abdussamadu. Ta nemi lambarta don ta riƙa tura mata sababbin zannuwa, Munira ta yi dariya ta ce ita da wasap sai bayan Sallah, har ta faɗa mata dalili. Yarinyar ta yi jim. Sai ta ce akwai garabasar Sallah, duk wanda ya saya za a sa sunansa a ƙuri'a, mai sa'a ya ci keken ɗinki. Ta ɗauki hoton katinta na ɗan ƙasa. Ta ce lambobi shida za su shigo wayarta, ta karanto mata.

Ta karanto mata. Har da godiya.

"Saƙon da lambobin sunka zo ciki, bai ce kar a faɗa ma kowa ba?" Malam ya tambaya.

"Ya ce, Baba. Ban karanta ba sai daga baya."

Zayyanu ya ce a tafi shagon yanzu da 'yan sanda. Munira ta ce a'a, shago a rufe yake da Sallah, kuma ita ba shago take son gani ba. Tana son ganin wadda ta zauna a cikin sunanta wata guda. Ta ce ya amsa saƙon, ya ce zai zo.

Da ya tashi tafiya ta raka shi bakin ƙofa. Ya fara ba ta haƙuri, ta tare shi.

"Baba ya wanke ni. Saura kai. Wata guda kana hira da wata, ba ka gane ba ni ba ce. Ka ce mata abin da ba ka taɓa ce min ba. To wa kake so, Zayyanu? Ni, ko mai rubutun?"

Ya buɗe baki zai yi magana.

"Kada ka amsa yau," ta ce. "In ka amsa yau ƙarya za ka yi."

Washegari ita da Inna Laure suka shiga motar Argungu. Hanya duk buhunan albasa ne jibge a gefen titi, warinsu na shigowa ta taga. Hajiya Riskuwa ta tarbe su da fuska a ɗaure, duk da ɗanta ya ba ta labari. Ta ce ita dai sai ta gani da idonta, don yaran zamani sun iya haɗa baki. Bayan la'asar suka bi bayan Zayyanu zuwa fadama, su uku, suka tsaya a inuwar wata giginya.

Ruwan gulbi ya ja baya saboda rani, ya bar yashi fari. Babu masunta, kowa na gida yana cin Sallah. Manyan gorunan da suke hawa su kama kifi ne kawai a kife a gaɓa, jere, kamar kawunan mutanen da suka nutse zuwa wuya. Ko tsuntsu ba ya kuka.

Wata mata na can tsaye a bakin ruwa, ta juya musu baya.

Koriyar atamfa. Gyalen da ke cikin toshin Sallah. Tsayinta, faɗin kafaɗarta, har yadda ta ɗan karkatar da kai gefe guda. Inna Laure ta damƙe hannun 'yarta da ƙarfi, kamar tana son tabbatar wa kanta wacece a kusa da ita.

Munira ta zare hannunta, ta taka cikin yashin ita kaɗai. Takalminta na nutsewa. Da ya rage taku kaɗan ta tsaya, ta rasa da wane suna za ta kira ta. Sai ta ji bakinta ya ce,

"Munira."

Matar ta waiwayo.

Idanu ne kawai a tsakanin niƙabi, suka buɗe, suka tsaya a kan fuskar Munira. Ba ta gudu ba. A hankali ta ɗaga hannu mai lalle ta kwance niƙabin.

Daga can baya Hajiya Riskuwa ta yi salati da ƙarfi. "Zuhura!"

Yarinyar shagon ce. Munira ba ta san ta da wani suna ba sai yanzu, amma mutanen Argungu sun san ta. 'Yar ƙanen Hajiya Riskuwa ce, marainiya, a ɗakin Hajiya ta girma, kwano ɗaya da Zayyanu. Makon da aka sa masa rana ta roƙi a bar ta ta koma Birnin Kebbi tsaron shago, kowa ya ɗauka neman na kanta take.

Zuhura ba ta dubi gwaggonta ba, ba ta dubi Zayyanu ba. Munira kawai take kallo.

"Saƙo guda niy yi niyya," ta ce, muryarta ba ta rawa. "In rubuta mishi cewa kin fasa, ba ki iya zama ƙauye da warin albasa. Na ma rubuta. Kafin in tura sai nashi ya shigo. Ya ce, Malama, na san ba ki gani sai bayan Sallah, amma na yi kewarki."

Ta yi ɗan murmushi.

"Tun da nike, bai taɓa ce min komi ba sai, ke Zuhura kawo ruwa, ke Zuhura ina hulata. Sai nic ce bari in amsa sau ɗaya, gobe in tura wancan. Gobe ta yi nic ce jibi."

"Kin sa an zagi gidanmu," in ji Munira. "Ubana ya dube ni yana shakka."

"Na sani."

"Kin sa rigata."

Zuhura ta shafa hannun rigar. "Ta yi min daidai. Ban rage komi ba." Ta ɗago. "Kin san abin da ke ba ni tsoro? A kasuwa in an kira wata Munira, ni ke waigawa. Ranar jajibere mai shago ya yi ta kiran Zuhura, ina zaune gabanshi, ina mamakin wa yake nema."

Iska ta taso daga kan ruwa ta kaɗa gyalen. Munira ta zo da fushin da ta tara tun shagon tela, ta neme shi a ƙirjinta, ta tarar da wani abu daban da ba ta san sunansa ba. Wannan yarinyar ta cuce ta. Kuma wannan yarinyar ta san ciwon ƙafar Zayyanu, ita ba ta sani ba.

"Ba ni lambar sirrin," ta ce.

"Kin san ta. Ranar ɗaurin aurenku ce."

Hajiya Riskuwa ta iso tana haki, ta ɗaga hannu za ta kifa wa Zuhura mari. Munira ta riƙe hannun. Ita kanta ba ta san za ta yi hakan ba. Hajiya ta dube ta, ta dubi hannun da ke riƙe da nata, sai ta fashe da kuka, ta ce Laure ta yafe mata, ta ci mutuncin 'yar mutane alhali ɓarnar daga ɗakinta ta fito.

A nan bakin ruwa Munira ta sa Zuhura ta goge hoton katinta a gabanta, daga wayar da kuma inda ta adana shi. Sannan Munira ta zuba lambar a tata wayar, ƙofa ta buɗe, ta canza sirrin da wani da babu wanda zai iya zata. Zuhura ta ce za ta wanke kayan ta dawo da su.

"Riƙe," in ji Munira. "Ba ni iya sa su."

Iyayen suka wuce gaba da Zuhura a tsakiyarsu. Zayyanu ya tsaya a gindin giginyar, kansa a ƙasa. Munira ta zo za ta wuce shi, ya ce,

"Kin ce kar in amsa jiya."

Ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Ba ni yi miki ƙarya. Na ji daɗin saƙonnin nan. Kullum ina jiran su, in sun makara ban iya cin sahur. Amma akwai abin da ban gaya ma kowa ba. Duk sadda na karanta, sai in ji wani abu a ƙasan raina yana cewa, ashe ita ma tana iya zagaye maganar ubanta. Sai in ji kin ragu kaɗan. In kore tunanin, don ni ke cin moriyar abin."

Ya share fuska da tafin hannu.

"Jiya da saƙon nan ya shigo kina zaune gabana, kunya ta kama ni kamar in nutse. Amma wallahi, Malama, daɗi ma ya kama ni. Don wadda niz zo nema tun farko ita ce wadda ta yi shiru wata guda. Ita nike so. Ni ne ban kai ta ba."

Munira ta daɗe tana kallon gorunan da ke kife a gaɓa.

"Ka karya dokar Baba kana sane," ta ce.

"Ina sane."

"To ba ni za ka fara ba haƙuri ba."

Ya je. Ya durƙusa a zauren Malam Abdussamadu gaban ɗalibai, ya faɗi laifinsa da bakinsa. Malam ya ce ba za a kai Zuhura wajen hukuma ba, tunda wadda aka cuta ta ce a bar ta, amma sai ta zo ta faɗa gaban matan gidajen biyu cewa ita ce ta je tasha. Ta zo, ta faɗa, ba ta ɗaga kai ba. Daga nan ta tafi wajen dangin mahaifiyarta a Yauri. A karatun magariba na makon nan Malam ya rufe littafi da wuri, ya ce wa mutane duk lambar da ta shigo wayarsu amana ce, kada su karanta wa kowa, ko da mai kyautar keken ɗinki ne. Aka yi dariya. Munira na bayan labule, ita ba ta yi ba.

An ɗaura aure a ranar da aka sa. Matan Argungu suka zo da guɗa, Hajiya Riskuwa da kanta ta kama hannun amarya ta shigar da ita ɗaki. Gidan babu bishiyar mangwaro tukuna, amma akwai dashe ƙarami a tsakar gida, an kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Zayyanu ya miƙa mata wayarsa ya ce ta goge hirar da hannunta. Ta goge. Bai ƙara ce mata farin wata ba. Sau ɗaya bakinsa ya fara, ya kama kansa, ita kuma ta yi kamar ba ta ji ba.

Ranar da ya fara komawa gona bayan biki, da sassafe, tana duba saƙonnin fatan alheri da suka taru, ta ga wani daga baƙuwar lamba marar hoto.

Allah shi ba da zaman lahiya. In yana gona yakan manta bai sha ruwa ba har kai ya sara mishi. Ki riƙa tuna mishi.

Munira ta karanta sau biyu. Ta goge saƙon, ta toshe lambar.

Ta zauna a bakin gado, tana jin Zayyanu a waje yana fama da babur ɗinsa da ya ƙi tashi.

Sannan ta miƙe ta ɗauko gora, ta cika ta daga randa, ta fita.

"Gwani," ta ce. Ya ɗago da sauri, ya kafe ta da ido, kamar mai son tabbatar da wadda ta yi maganar.

"Ni ce," ta ce, ta rataya masa gorar a kan babur. "Ka shanye kafin azahar."